Kumbon Baba da Baƙin Tukunya

Babanmu mushen lakwal ne. Ya koyar a Gidigir da Bune kafin ya aje aiki ya dawo gida Gure, kuma tun muna yara ya ishe mu da zancen taurari. Shekarar da likita a Damagaram ya ce masa jijiyar idonsa na mutuwa, ba kuma gyara, ƙanena ya aiko masa daga Yamai da kumbon sama jannati na roba, irin wanda ake haɗawa gutsure-gutsure. Sai da na wanke yaron nan tas a waya. Mutum ido na tafiya, ka aiko masa abin da ko mai ido sai ya ƙanƙance?

Baba kuwa ya rungumi abinsa. Da lalube da tabarau ya haɗa shi, sannan ya ce saura wuta.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "so nake in ga tagoginsa a kunne tun ina iya gani."

Daga nan na zama hannunsa. Muka farke matattun tocila muka cire ƙananan ampul, ƙwayayen fitilarsu, muka zare waya daga tsohon rediyo, na huda tagogin da allura mai zafi. Da rana tsaka muka rufe ƙofa, na rataya zane a taga, na haɗa wayar da pil, wato batir. Ashe robar ba kauri. Kumbon gaba ɗaya ya ɗau haske, kai da gindi.

Baba ya yi dariya har da tari. "Wannan ai fitilar mai tsire ce! Kumbon gaske jikinsa duhu ne, tagogi kaɗai ke haske. Sai an baƙanta cikin."

Fentin da ke kasuwa na ƙofa ne, kauri gare shi kamar kunu. Inna ce ta ce mu kankaro baƙin tukunya mu dama da ƙaro, yadda ake tawadar allo. Na ɓare kumbon, na shafe cikinsa, na bari ya bushe, na sake shafawa. Ga aiki, ga yara, abin ya ɗauke ni makonni. A makonnin nan Baba ya fara karo da randa a tsakar gidan da ya gina da kansa.

Ranar da na gama, muka sake rufe ƙofa, Inna na tsaye a bayana. Na kunna. Wallahi ya yi kyau. Jikin ya ɓace cikin duhu, sai tagogi a jere, ƙanana kamar ƙwayar gero. Na juya in ga fuskar Baba. Yana zaune a tabarma, ya fuskanci gefen da ba kumbo.

"To, kunna mana, Uwata," ya ce.

Ban taɓa jin tausayi irin na ranar ba. Na ce masa waya ce ta tsinke, ya ba ni zuwa la'asar. Na fita da kumbon bayan madafa, na ɓare shi, na cire wayoyin. Inna ta biyo ni da butar ruwan ɗumi. Tana zubawa ina cuɗawa, aikin makonni yana bin rairayi baƙi ƙirin. Ƙaro ba ya gardama da ruwa.

Bayan la'asar na sake kunnawa. Fitilar mai tsire ta dawo, ɗakin ya yi fari.

"Yauwa, ga shi can!" Baba ya miƙa yatsa daidai inda yake. "Tagogin duk sun kama?"

"Duk sun kama, Baba."

Ya gyara zama ya ce kar a kashe. Muka bar shi a kunne har pil ɗin ya ƙare.