Hannuwan Inna a Ƙarƙashin Hijabi

Shekara huɗu ina raka Inna ƙaramin asibitin da ke kusa da ƙauyenmu na bakin tafki, ta wajen Wara, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin hannuwanta a can.

Bandar kifi take yi. Ita ke fere shi, ta fasa ciki, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke, duk da yatsun nan goma. Da su ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Sai aka wayi gari yatsun sun fara ƙin tashi da safe. Ta farka da su a sandare, ko buta ba ta iya ɗagawa, ni ke zuba mata ruwan alwala. Sai hantsi ya ɗaga suke saki. Kowa ya ce sanyi ne, wanda ke wuni da hannu cikin ruwa me yake jira?

Ba ma zuwa asibiti sai ta kwashe kifin safe daga wuta, lokacin kuwa ciwon ya lafa. Malamin asibitin namiji ne, sa'an yayana. Inna takan zauna a gefen benci, ta tattare hannuwa cikin hijabi, ta kafa wa ƙasa ido. Ya ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Daga nan ta gama nata, sai ni, 'yar boko mai bakin magana, in karɓe: ciwon jiki ne, da kasala, da ɗan zazzaɓi. Ya rubuta maganin maleriya. Wani zuwan ya ce taifot. Ya haɗa da ƙwayar kashe ciwo, mu yi godiya mu tafi. Ban ga laifinsa sosai ba, layi har waje, kuma abin da na faɗa masa shi ya yi wa magani.

A shekara ta biyar aka kawo wata ma'aikaciya mace. Na buɗe baki zan fara karatuna, ta ɗaga mini hannu.

"Bari ta hwaɗi da kanta. Inna, ina ne ka ciwo?"

Inna ta zaro hannuwan ta ɗora a tebur. Kullum ina ganinsu a gida, amma ban taɓa kallonsu ba sai a teburin nan. Gaɓoɓin sun kumbura kamar ƙullin goro, yatsun duk sun karkace sun nufi gefe, dama da hagu iri ɗaya. Matar ta matsa su a hankali, Inna ta ja numfashi.

"In kin tashi da sahe, sai yaushe suka saki?"

"Sai hantsi, ɗiyata."

"Tun yaushe?"

Inna ta dube ni. Na ce shekara huɗu da wani abu.

Matar ta duba gwiwar Inna da idon sawu, ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Yelwa don gwajin jini. Ta ce tana zaton amosanin gaɓoɓi ne, irin wanda jiki ke cin gaɓoɓinsa da kansa, ba ruwansa da ruwan tafki. Akwai maganin da ke tsayar da shi, in ji ta, amma abin da ya riga ya karkace ba ya miƙewa. Ban tambaye ta me zai faru da mun zo da wuri ba, ta faɗa da kanta: da yatsun ba su karkace ba.

Na jira in ji wani abu, ko haushi ko kuka. Ban ji komai ba. Na ninke takardar gida huɗu, na tsayar mana da mai babur.

Gwajin ya tabbatar da maganarta. Aka ɗora Inna kan magani, ciwon ya ragu, yatsun suka tsaya inda suke. Bandar ta koma hannun matar yayana, ba tare da an zauna an yi shawara ba.

Wata rana da azahar na kawo tuwon shinkafa. Inna ta kai hannu, ta gutsura, loma ta ƙi dunƙuluwa, ta zube cikin miya. Ta sake, ta sake zubewa. Na tashi na ɗauko cokali na ajiye a bakin kwanonta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ita ta ƙoshi.

Na ci nawa har na siɗe kwano, ban san ko da gishiri a miyar ba.