Mai Zanen Wayoyi a Motar Kubwa

Cunkoso ya tsayar da motarmu ta Kubwa, matar da ke gefena kuwa zane take a kan gwiwarta. Ta haura arba'in, yatsunta duk tawada. Shafin cike yake da batura da resista kusan goma, wayoyi sun cukurkuɗe. Tana soke su ɗaya bayan ɗaya, har saura abu biyu: mafarin wuta guda, da resista guda, mai rage gudun wuta, a gefensa.

Wani mai gyaran lantarki ya leƙo daga baya. "Hajiya, kin yi kuskure. A jere ake sa resistar. Ki bar wa yara karatun nan."

Ko waiwaye ba ta yi ba. "Malam, wannan idan ƙarfin wuta ka nema ke nan. Ni gudunta nake nema, gefe da gefe za su zauna. Sau biyu tambayar nan tana kayar da ni a jarrabawar zama injiniya. Yau ƙarfe goma za mu sake gamuwa."

Ina zaton ta daɗe a wani ofis, tana aiki injiniya na sa hannu. Ta ja layi ƙarƙashin amsar, har biro ya huda takardar.