Kuɓewar da Na Shanya a Kan Farantin Baffa

Ranar wata Juma'a ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Baffa Sanusi ya iso gidanmu bisa babur da wani baƙin faranti ɗaure a bayansa, an naɗe shi da bargo. Ƙanen Baba ne. Shekara biyu ya yi a Gummi wurin wani mutumin Filato mai gyaran rediyo yana koyon haɗa sola, kuma gidan wansa ya zaɓa don aikinsa na farko. Tumaki biyu Baba ya sayar aka sayo kayan. Kafin la'asar rabin mutanen ƙauyenmu, can gefen hanyar Nasarawa Burkullu, sun cika ƙofar gida. Baffa ya hau rumfar tsakar gida ya ɗaure farantin, ya jawo waya zuwa ɗakin Baba inda ya aje batir a kan katako. Sunan mahaifiyarsu gare ni, don haka ba ya kama sunana. Da aka idar da magariba ya ɗaga ni sama ya ce, "Uwa, ke za ki kunna muna." Na danna, ƙwai uku suka kama tare, ɗaya a zaure, biyu a ciki. Inna ta rangaɗa guɗa. A ranar magidanta huɗu suka ce in sun ga lafiyar namu, bayan kaka shi zai haɗa musu.

Bisa rumfar nan muke shanya tun kafin a haife ni, don nan kaɗai awaki ba sa kaiwa. Kuɓewa ta yi sosai a shekarar. Inna ta yanka da safe, ni kuma in taka kifaffen turmi in hau da ƙwarya, in baza, in riƙa dawowa ina juyawa, in ga hadari in kwashe da gudu. Na tsani aikin, domin lokacin ne ƙawayena suke carafke a gindin tsamiya, ina jin dariyarsu daga sama. Wata rana tafina ya taɓa farantin, na ji ya yi zafi kamar tanda. Sai dabara ta zo mini. Na shimfiɗa tsohon zanen Inna a kansa don kada in ɓata shi, na baza kuɓewata bisa zanen. Abin da ke kwana uku bai bushe ba, sai ga shi a kwana biyu yana ƙaras-ƙaras, ba sai na juya ba. Baba da Baffa suna gona tun sassafe wajen yankan gero. Tarin harawa a bakin rumfar ya tare wa na ƙasa gani. Kafin su dawo na kwashe, na goge farantin tas da bakin zane. Har yabo na sha, Inna tana cewa na fara hankali.

Cikin mako guda wutar ta soma ja. Da farko takan kai mu bayan isha'i, daga baya ko tuwo ba a gama ci ba ta ɗauke. Masu kawo waya caji suka daina zuwa. Kowane maraice Baffa zai dawo gona a gajiye, ya hau rumfa ya tarar da faranti fes, ya sauko ya bi waya da hannu tun daga sama har batir, yana magana shi kaɗai. Ya canza waya. Ya je Gummi ya tambayi maigidansa ya dawo. A bakin masallaci aka fara yi masa ba'a, ana ce masa injiniyan magariba.

Ranar da na gane, ina tsaye ne a ƙasa ina karɓar rassan zogale da Baffa yake sarewa, saboda ya zargi inuwarsu. Ya ce, "Uwa, wanga abu haske shika ci, ba zafi ba. Ko ganye guda ya kwanta mishi, ƙarfinai ya rage." Na dubi reshen da ke hannuna, ganyensa ƙanana kamar farce, na tuna faɗin zanen Inna. Ya tambaye ni ko kaji na hawa wurin da rana. Na ce ban gani ba. Gaskiya na faɗa, kuma na san ƙarya nake yi.

Daga ranar ban sake ɗora komai ba, ina fatan abin ya gyaru da kansa. Bai gyaru ba. Batir in ya sha ƙarewa ƙaƙaf yakan mutu, namu kuwa ya yi kusan wata guda a haka. Wata safiya ina shara na ji muryar Baba daga zaure: "Ko dai ba ka iya ba, ko ka sawo mini ruɓaɓɓen kaya ka ɓoye. Zaɓi guda." Baffa ya tashi. Ya fito ya wuce ni, ya shafa kaina kamar yadda ya saba. Tsintsiya na hannuna, maganar na bakina. Tsoron bulala ne ya hana ni, ba wani abu mai girma ba.

Magidantan nan huɗu ba wanda ya sake tayar da zancen. Bayan an kai gero rumbu, Baffa ya bi samari zuwa ramukan zinariya wajen Anka. Yakan zo da salla, ya kawo mini alawa da ɗan kunne, shi da Baba su gaisa a tsaye. Kowane zuwa ina cewa wannan karon zan faɗa. A shekara ta uku rami ya rufta da shi.

Sai bara na gaya wa Baba, a Gummi, inda rashin zaman lafiya ya maido mu. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa na faɗi komai, har zanen. Ya riƙa murza carbi ba ya ja. Sannan ya ce, "Ke ɗiya ce ƙarama sa'annan. Ni da girmana na ce ma ƙanena macuci, ban ko hau na duba ba." Na so ya yi mini faɗa. Washegari ya sa aka kai shi wurin biyu daga cikin magidantan da suka rage a raye, su ma nan suke gudun hijira, ya ce musu aikin Sanusi ba shi da aibu. Ɗayansu ma ya manta da zancen.

A da, ƙwai uku sun tara gari guda a ƙofar gidanmu. Yanzu unguwar da muke zaune kusan kowane rufi da farantinsa, har masu shayi da masu aski, ba mai ɗaga kai ya kalla. Yaran da suka koyi aikin bayan Baffa suna yawo da tsani bisa babur, ana bin su har gida ana roƙon su zo. Nakan tsaya in kalle su suna ɗaure waya, in lissafa shekarun da zai yi da yana nan. Ya iya aikinsa, kuma ya tafi bai sani ba.