Ankon da Haulat Ta Roƙa

Duk wanda ya zauna a masaukin masu gadi na Al Rayyan da ke Qatar ya san Haladu, dogon mutumin Malumfashin nan da ko turare ba ya saya sai an ba shi kyauta. Gadona na ƙarƙashin nasa, saboda haka hirarsa ta waya da matarsa Haulat, ina so ko ba na so, a kunnena take ƙarewa.

Lokacin kullen korona jirage suka daina tashi, shi yana nan Doha, ita tana gida ita kaɗai. Ƙanwarta Alimatu ta tura mata finafinan Koriya a waya don ta rage kewa, ashe aiki ta jawo wa Haladu. Yau ta ce tana son taliya mai yaji irin ta cikin fim, gobe man shafa na fuska. Da hanya ta buɗe, yana ƙunƙuni yana saye yana ba masu komawa gida. Abu ɗaya ne ya ce ba da shi ba. Wai a finafinan miji da mata kan sa riga iri ɗaya su fita, ita ma tana so su yi anko su ɗauki hoto. Ba su da hoto tare ko ɗaya, don ranar bikinsu ma kunya ta hana shi tsayawa kusa da ita.

"Haba Haulat, anko ai na mata ne. Ni da gemuna?"

Ta yi dariya ta ce za ta jira. Ta kuwa jira, amma duk sanda zancen hutu ya taso sai ta tuna masa.

Da gasar cin kofin duniya ta ƙarato, kamfani ya soke hutun kowa, aka ajiye Haladu a ƙofar filin da 'yan Koriya ke wasa. A nan ya ga wani tsoho, kai fari fat, shi da matarsa cikin jar riga iri ɗaya, kuma ko kallonsu ba wanda ya yi. Washegari ya ja ni wani shagon kayan Koriya a Madinat Khalifa, ya zaɓi riguna biyu ruwan madara, babba da ƙarama. Na tsokane shi har na gaji. Na ce to ya gaya mata mana, ya ce ai ba a faɗin tsaraba, fuskarta yake so ya gani.

Zazzaɓi ne ya kwantar da Haulat, kafin wasan ƙarshe an kai ta makwancinta. Sai bayan sadakar bakwai ya samu isa gida. Da aka zo rabon kayanta ya fito da ƙaramar rigar, malamin da ke rabon ya ce tunda ba ta shiga hannunta ba, ba tata ba ce. Haka ya dawo da su duka biyun.

Yanzu yakan sa tasa a ƙarƙashin kakin aiki, ƙaramar kuma tana cikin ledarta. Ba na iya kallonta, zuciyata karyewa take yi. Sau ɗaya ya taɓa yi mini zancen, muna jiran motar aiki.

"Da ma na gaya mata. Ta tafi tana ganin na ƙi."