Kujerar Gefen Direba ta Oga Mamuda

Kafin masu shayi su gama hura wuta, Oga Mamuda ya buɗe garejinsa da ke bakin hanyar Bakura a Talata Mafara. Da shara yake farawa, ya tsince duk notin da ya kwana a ƙasa, sannan ya zagaya motocin da aka bar masa yana danna kowace kusurwa da tafin hannu, yana kallon yadda take dawowa. Aikin ƙafar mota ne sana'arsa: taya, birki, sifirin da shok. In ka kawo masa matsalar inji sai ya nuna maka maƙwabcinsa da baki.

Gara a faɗi gaskiya, ba kowa ke ganin kirkinsa ba. Tun da samarin yankin nan suka kamu da wasan mota, daga Maradun har Bakura wurinsa suke kawo motocinsu masu gudu, sai aka riƙa cewa shi ke ɗaure musu gindi. An sha tare shi da maganar a ƙofar masallaci. Yakan sunkuyar da kai ya ce, "Ko na gyara ko ban gyara ba, gudu za su yi. Gara su yi shi bisa birki mai kamawa." Masu zargin nan sun manta wanda ya fitar da wasan daga cikin gari. Da can ana ɗaura aure titi ke cika da hayaƙin taya, mata na kwashe yara da gudu. Shi ya kafa wa samarin doka: ga fili can ta wajen Bakolori, a share shi, a jera tsofaffin tayoyi a gefe, a sa ranar wasa. Wanda ya murza mota cikin jama'a kuwa, shi da garejin har abada. Sun gwada shi sun ga ba ya lanƙwasuwa.

Doka ta biyu kansa ya ɗora wa. In ya gama mota ba ya miƙa makulli ya koma inuwa. Kujerar gefen direba yake shiga, ya ɗaura bel, a tafi fili a sake ta iya gudunta, a taka birki. Cewa yake, "In abin da na ɗaura ya ƙi, mu tafi tare." Kai ne, Oga, ka yi shekara da shekaru kana ba da ranka shaida a kan aikin hannunka, mu 'yan kallo muna ta addu'a, kai kana fitowa kana kakkaɓe hula.

Bana ciwon baya ya kayar da shi. Likita ya ce jijjiga ɗaya mai ƙarfi tana iya zaunar da shi, sai ya yanke zai ajiye aiki. Mota ta ƙarshe da ya karɓa ita ce ta Khalifa, mai fataucin shanu, wanda shi kaɗai ya rage wa mahaifiyarsa Hajiya Taiba. Wata safiya sai ga ta da kanta a gareji. Aka gaisa, aka tambayi gida da jiki da gajiya, sannan ta rage murya.

"Mamuda, don girman Allah ka ɓata motag ga. Ka yi mata abin da ba ta ƙara tashi. Shi ɗai gare ni."

"Hajiya, in na ɓata ta Gusau za shi kai ta, wurin wanda bai san ke kinka haife shi ba. Ban taɓa ɗaure noti da ƙarya ba, ba ni farawa ga ɗanki."

Ta tafi tana share ido da bakin hijabi. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Ya duƙufa kan motar kamar bai taɓa yin wata ba. Manyan rim masu ƙyalli da Khalifa ke taƙama da su ya fara kwancewa.

"Haba Oga! Daga Legas na sayo su fa!" in ji Khalifa.

"Sa yatsa nan. Walda ce anka rufe da fenti. Kai wa mai ƙosai ta yi murhu da su."

Ya sa marasa nauyi, da tayoyi masu kama ƙasa. Ya canza faifan birki da manya, ya zubar da tsohon man birki ya zuba wanda zafi ba ya tafasawa. Ya sa sifirin masu tauri, ya ɗan sauke motar don kada ta kwanta a kwana. Rabin aikin a kishingiɗe ya yi shi, yana cije leɓe.

Ranar gwaji bayan la'asar ya iso fili yana dogara sanda. Khalifa ya tsaya ya tare ƙofar.

"Wallahi Oga ba ka shiga. In bayanka ya tafi, mi zan ce wa iyalinka?"

"In ban shiga ba, makulli bai fita aljihuna."

Ana cikin wannan ja-in-ja Keke Napep ta tsaya, Hajiya Taiba ta sauko. Ta wuce ɗanta ko kallonsa ba ta yi ba.

"Mamuda, an gaya mani abin da likita ya ce. Matsa."

"Hajiya, wagga kujera tawa ce."

"Kai ka ɗaura birki, ni na haifi mai takawa. Ka ce ba ka ɗaure noti da ƙarya. To yau in gani."

Ya matsa, ta shiga ta zauna. Ya durƙusa da ƙyar, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya da sifana, ko da yake ya san babu abin da zai motsa. Da hannunsa ya ɗaura mata bel, ya ɗora mata hular kwano a kan hijabi. Khalifa ya riƙe sitiyari yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Motar ta tashi. A karon farko a rayuwarsa Oga Mamuda ya ga aikinsa daga waje, kuma tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a cikin mota ba. Ashe haka iyayen yaran nan suke ji! Motar ta sha kwanar farko ba ta kwanta ba, ta miƙe tana ƙara, ta tunkaro fararen tayoyin da ake taka birki a wurinsu. Hancinta ya duƙa, ta tsaya cak, ba ta karkata ko'ina ba.

Khalifa ya kifa kai a kan sitiyari yana kuka. Hajiya ta fito, ta tako har inda tsohon ya zube a kan wata taya.

"Ta tsaya, Mamuda," ta ce. "Ban ce ina son wasan ga ba, kuma ba ni fasa yi mai faɗa. Amma yau ina barci."

Ya ɗaga mata hannu, hawaye na bin gemunsa.

Oga Mamuda, mai hannun amana, mun gode. Kai ne ka sha zagi a kan 'ya'yan da ba naka ba, ka mayar da su gida da ƙafafunsu. Ku kuma da kuke ɗaure abin da ran wani zai hau, makanike ne ko magini ko mai haɗa kwalekwale, ku je ku gaishe shi yana raye, ku tambaye shi yadda ake yi. Allah Ya ba bayan nan lafiya. Ka huta, Oga. Uwaye da yawa a ƙasar Mafara sun yi barci saboda kai, ba su ma san sunanka ba.