Motar Baffa Mai Kujera Biyu

Shekaranjiya ina tsaye a bakin titi ina jiran a-daidaita-sahu, iska ta kwaso min warin sabon fenti daga wani gareji. Ban san lokacin da na yi dariya ni kaɗai ba, har matar da ke kusa da ni ta ɗan matsa gefe. Ban ga laifinta ba. Da ta san inda warin nan ya kai ni, ina jin da ita ma ta taya ni.

Ƙauyenmu ya kai ni, can tsakanin Kura da Bunkure, inda na tashi a ɗakin kakata da muke kira Inna. In ban yi kuskure ba ina aji biyar ne a firamare, a farkon shekarun dubu biyu. Kada mai karatu ya riƙe ni a kan ajin, don zai iya yiwuwa shida ne. Abin da ba na shakka a kansa shi ne motar.

Baffa, ƙanin mahaifina kuma autan gidan, sana'arsa gyaran injin ban ruwa. A wajenmu wannan ba ƙaramar sana'a ba ce, domin da rani, lokacin da wasu garuruwa suke bushe, mu gonakinmu kore shar suke da tumatir da albasa. Wata rana ya je gyara, ya tarar da wata 'yar mota a bayan wani tsohon sito, ciyawa ta cinye ta. Gajeriya ce, kamar ta kwanta a ƙasa, ba ta da rufi, kujerunta biyu kacal. An ce ta wani Bature ce cikin waɗanda suka haƙa hanyoyin ruwan nan tun ba a haife ni ba. Wasu kuma sun ce ta wani likita ce. Ban san mai gaskiya ba. Da shanun huɗa Baffa ya jawo ta har ƙofar gida, yara na bin sa da ihu, ya ajiye ta a tsakiyar filin da kakana, Baba Tsoho, yake shanyar shinkafa.

Shekara uku tana wurin. Kaji suka mayar da ita gida, har Baba Tsoho yake kiranta akurki mai taya. Baffa kuwa duk ranar da ba shi da aiki yana ƙarƙashinta, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ya wanke injin da kananzir, ya yi ta zarya birni neman kayan da babu mai sayar da su, abin da bai samu ba ya kai wa maƙeri ya ƙera. Jikinta dai bai taɓa ba, don shi a wajensa inji ne mota. Ranar da ta tashi, ta yi wani tari ta fesa baƙin hayaƙi, awakin gidan suka tsinke igiya, Inna ta fito da muciya a hannu tana salati.

A daminar nan ne haƙurin Baba Tsoho ya ƙare. Shinkafa ta yi kyau, yana buƙatar filinsa gaba ɗaya. Ya kira Baffa zaure ya ce masa ranar da aka fara girbi, ko motar ta bar wurin da ƙafarta, ko 'yan gwangwan su zo su sare ta su auna. Ba wasa yake ba. Na ga 'yan gwangwan ɗin da idona sau biyu, suna zagaya ta suna ƙwanƙwasa jikinta kamar masu zaɓen kankana. Baffa ya daina cin abinci sosai.

Ana haka sai Allah ya kawo wani Alhaji daga birni, ya zo sayen shinkafa a wajen maƙwabcinmu. Yana ganin motar ya manta da shinkafar. Ya durƙusa da babbar rigarsa yana shafa koren fentinta da ya koɗe, ya riƙe sitiyarinta na katako ya daɗe bai saki ba. Ya ce tun yana saurayi yake neman irinta. Suka daidaita da Baffa, ya ce a ajiye masa, zai yi tafiya, bayan sati uku zai dawo ya ɗauka.

Daga nan aka yi kuskuren, kuma ina so a fahimce ni, da kyakkyawar niyya aka yi shi. Baba Tsoho da kansa ya fara maganar.

"Yanzu haka za ka miƙa wa baƙo ita, duk tsatsa da kashin kaji? Mutum ya mutunta ka, ka bar shi ya shiga birni da wannan? A ce daga gidana ta fito?"

"Ni ma abin na damuna, Baba," in ji Baffa.

Gari gaba ɗaya ya sa baki. Aka yi mata fenti ruwan ɗorawa mai sheƙi, wanda warinsa ya zauna mana a hanci har a cikin tuwo. Aka cire sitiyarin katako saboda ya ɗan tsage, aka sa na wata bas da aka naɗe da jar roba. Kujerun fata da suka yi yamushi aka fitar da su, aka kawo na soso masu rigar furanni. Murafan taya guda huɗu, masu kama da faranti, aka ce tsohon yayi ne. Wani direban tumatir ya kawo gudummawar hon irin na babbar mota. Da aka zo kan cewa mutum biyu kaɗai take ɗauka, kowa ya yarda wannan rowa ce irin ta Turawa, sai mai walda ya liƙa benci a baya yadda iyalin Alhaji za su samu wuri.

Tsofaffin kayan kuwa ba a zubar ba, don a gidanmu ba a zubar da komai. Baba Tsoho ya rabar da su kyauta. Wanzamin garin ya samu kujerun. Wani dattijo mai gonar albasa ya karɓi sitiyarin, ya ɗaura a ƙofar ruwan gonarsa yana murɗawa. Inna ta wanke murafan tayan tas, ta mayar da su farantan shanya daddawa.

Ranar da Alhaji ya dawo, saura kwana goma a fara girbi. An share ƙofar gida, an rufe motar da tabarmi. Baffa ya sa sabuwar hula. Da aka yaye tabarmin, wani ya danna hon ɗin don burgewa.

Alhaji ya dafe kai. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya sake zagayawa.

"Malam, wa ya yi mata wannan?"

"Ni ne da hannuna, ranka ya daɗe," in ji Baffa yana murmushi. "Ba sai ka ƙara komai ba."

"Ina sitiyarin katakon?"

"Wannan tsohon? Ai ya tsage."

"Tsagewar nake so! Ina kujerun? Ina korenta? Wayyo Allah, benci!"

 Baba Tsoho ya gyara zama ya ce, "Ɗan nan, in dai tsufa kake saye, ai ga ni nan zaune."

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sannan ya yi bayani a hankali, cewa masu son irin waɗannan motoci suna son su ne yadda aka ƙero su, da kowane ƙusa nasu na asali. Ya ce injin ya yi daidai, bai taɓa zaton zai ji shi yana aiki haka ba. In an mayar da komai yadda yake kafin Juma'a ta sama, zai ɗauka. In ba haka ba, ba ta da amfani a wajensa.

Cire benci da hon ba wuya. Fentin ma Allah ya taimaka, don saboda sauri ba a kankare na ƙasa ba, a kai aka shafa. Matsalar tana wajen kyautar. Baba Tsoho ya ce tunda yake bai taɓa ba mutum abu ya koma ya ce a dawo masa da shi ba, kuma ba zai fara da furfura a kansa ba. Ya hana Baffa ma zuwa. Ya ce gara 'yan gwangwan.

Baffa ya shigo tsakar gida ya zauna a kan turmi, hular tana hannunsa. Inna tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Wa ya ce sai an roƙa? Ka ciro sababbin a kai musu kyauta. Su da kansu za su ji kunyar riƙe biyu."

"Inna, in ba su ji ba fa?"

"To ka san da wa kake zaune a gari."

Ni aka zaɓa na kai, domin aiken yarinya ba ya ɗaukar nauyin magana. Inna ta ja min kunne cewa abu ɗaya zan faɗa, wato Baffa ya ce a kawo wannan, ya fi wancan kyau. Ko kalma ɗaya kada na ƙara. Ni kuwa tun ina ƙarama nake da tsoron kada na ɓata abu, har yau ban rabu da shi ba. Duk hanya ina maimaita maganar a bakina.

Na wanzami bai ba ni wahala ba. Na ɗauko kujerar furanni a ka, sawu biyu. Ya zauna a kai, ya yi tsalle kaɗan, ya ce masu aski sun huta. Kafin la'asar ya aiko da tsofaffin a baro, har da godiya.

Dattijo mai albasa shi ya kusa kashe ni. Na same shi a bakin gona, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa sitiyarin bas, na faɗi abin da aka ce. Ya juya shi, ya yaba jar robar, ya sa wa Baffa albarka mai tsawo. Sai ya rataye shi a reshen darbejiya, ya ce zai yi amfani in wancan ya lalace. Na tsaya, na tsaya, ya ba ni rake ya ce na gaida gida.

Washegari na koma ba tare da an aike ni ba. Na gaishe shi, na je na tsuguna kusa da ƙofar ruwa, na zuba wa sitiyarin katako ido. Ruwa na gudu a ƙarƙashinsa, rana na dukan ƙeyata.  Ya sake ba ni rake. Rana ta uku ma haka. A gida kuwa Baffa yana ta goge fentin ruwan ɗorawa da ruwa da takardar yashi mai laushi, yatsunsa duk sun saɓule, kore yana leƙowa kaɗan kaɗan, ga shinkafa ta sunkuyar da kai a gona.

A rana ta huɗu dattijon ya jingina fartanyarsa, ya zo ya tsuguna kusa da ni. Shi ma ya kalli sitiyarin, ya kalle ni.

"Ke jikar mai taurin kai, tun ranar farko na gane. So nake na ga ko kakanki zai tako da ƙafarsa." Ya kwance shi yana dariya, ya goge da gefen rigarsa. "Ki ce masa ni na ba shi kyauta. Ya zo ya yi godiya."

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Baba Tsoho ya yi tsaki ya ce tun suna yara mutumin nan ba shi da kirki. Amma da yamma na ga ya ɗauki sandarsa ya nufi hanyar gonar albasa, da goro a aljihu.

Saura murafan taya, waɗanda muka ɗauka suna hannu tunda a gida suke. Inna ta ce sam. An kawo mata farantan silba sababbi ta karɓa, ta haɗa da murafan ta tura ƙarƙashin gado.

"Inna, ke fa kika ce za a ji kunyar riƙe biyu," in ji Baffa.

"Na ce su. Ban ce ni ba. Shekara uku ina shaƙar hayaƙinta, kajina sun rasa gida, ban taɓa shiga ba. Ka kai ni Bunkure gidan ƙanwata ka dawo da ni."

Haka aka yi, ranar Alhamis da hantsi. Inna ta ɗaure mayafinta tamau a haɓa, ta zauna a tsohuwar kujerar fata, ta riƙe ƙofa da hannu biyu. Suka hau hanyar bakin ruwa a hankali, balbelu na tashi, manoma na miƙewa daga cikin shinkafa suna ɗaga hannu. An ce ba ta amsa wa kowa ba, gaba kawai take kallo kamar matar gwamna. Da suka dawo ta fito da murafan da kanta, har lokacin suna warin daddawa.

Alhaji ya zo bayan sallar Juma'a. Fentin bai koma daidai ba, a gindin ƙofa da gefen fitila akwai sauran ruwan ɗorawa, kuma na ga idonsa ya tsaya a wurin.  Ya shiga, ya riƙe sitiyarin, ya tayar da ita, ya saurari injin da ido a rufe. Da ya buɗe ido sai ya miƙa wa Baffa hannu. Ya ce kuma yana da abokai masu tsofaffin motoci da suka rasa mai gyara, in Baffa zai yarda, amma bisa sharaɗin kada ya ƙara sayen fenti.

Washegari aka fara girbi. Shinkafa ta rufe filin nan kaf, sai wuri ɗaya a tsakiya, daidai tsawon motar, wanda Baba Tsoho ya hana a shanya komai. Ya ce baƙin mai ya ɓata ƙasar. Wataƙila gaskiyarsa ce. Amma a can yake shimfiɗa buzunsa yana korar kaji, kuma shekara ta zagayo bai bar wurin ba.

Yanzu filin babu shi, shaguna uku ne a kai, ɗaya ana cajin waya. Baba Tsoho da Inna sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Baffa yana da garejinsa a bakin titin Kura, yawanci a-daidaita-sahu yake gyarawa, amma jefi-jefi akan kawo masa wata tsohuwa daga birni a bayan babbar mota, ya lallaɓa ta ba tare da ya sauya mata ko ƙusa ba. Na gama jami'a, na karanta abin da na karanta, amma ban iya cewa wa ya fi gaskiya tsakanin Alhaji da mutanen garinmu ba. Da na je gaida Baffa da ƙaramar salla na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, wanne ya fi kyau. Ya waiga ya tabbatar babu mai mota a kusa, sannan ya rage murya.

"'Yata, kada ki faɗa wa kowa. Da bencin nan ta fi."