Daddawar da na jefar a Ngong

Jama'a, yau wata tsohuwa ta gane garinmu daga warin jakata!

Kun san yawon ganin tsofaffin garuruwan Kamaru nake, daga ni sai jakar goyo. Da zan baro Katsina, Inna ta cusa min ƙullin daddawa, wai in riƙa girki da kaina kada sayen abinci ya cinye guzurina. Yau a motar Garwa fasinjoji suka yi ta toshe hanci. Kunya ta kama ni. Muna tsayawa a garin Ngong na wurga daddawar a bola.

Ina shiga kasuwar Garwa, sai wata tsohuwa mai sayar da kuka ta riƙo hannuna.

"Ɗan nan, daga Katsina kake?"

Na ce, "Iya, ya aka yi kika sani?"

Ta ce, "Daddawarmu ce a jakarka. Tun da aure ya kawo ni nan ban ƙara jin irinta ba. Sam mini ko kaɗan."

Na faɗa mata gaskiya.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To miƙo jakar."

Ta buɗe, ta cusa fuskarta ciki, ta daɗe a haka. Sannan ta ja zif ɗin da kanta, ta ce, "Riƙe ta a rufe, kada iska ta kwashe sauran."